GYARA KAYANKA: Ƙasa-Ƙasa Ko Toka-Toka? Shawara Ga Masu Shafa Fenti A Nguru Da Gashuwa

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga kaka, manomin shinkafa da masunci da mai fataucin dabbobi suka ga 'yan kuɗi a hannu, sai hankalin kowa ya koma kan gida. A lokacin ne ake yawan ɗaura aure, ake gyara ɗakin amarya, ake sabunta zaure da falo. A lokacin ne kuma magidanci yakan tsaya gaban mai sayar da fenti, a Nguru ko a Gashuwa, a miƙa masa takarda mai ɗauke da launuka iri iri kamar hatsin bara, a ce ya zaɓa.

A shekarun baya zaɓin ba shi da wuya, ko shuɗi, ko kore, ko ruwan hoda. Yanzu kuwa mutane da yawa sun karkata ga launukan da ba su cika ido ba, musamman guda biyu. Na farko shi ne ƙasa-ƙasa mai haske, ɗan'uwan wanda masu fenti suke kira kirim, Turawa kuwa su ce da shi bej. Na biyu shi ne toka-toka mai sirkin ƙasa, wanda Turawa suka raɗa wa suna girej. A kan takarda su biyun kamar an tsaga kara suke, amma in suka hau bango kowanne da halinsa. Wanda ya yi kuskure kuwa zai zauna da kuskurensa shekara uku ko biyar, yana kallonsa safe da yamma, domin kuɗin fenti da ladan mai shafawa ba abin da talaka zai biya sau biyu ba ne a shekara guda. Saboda haka wannan fili zai auna su biyun da mudun wannan ƙasa, watau ranarta da fitilarta da ƙurarta da bangonta.

BAƘIN SUNA, 'YAN GIDA

Ko da yake sunayen baƙi ne, launukan 'yan gida ne. Kalmar bej ta Faransanci ce, asalinta sunan ulun tumaki ne wanda ba a rina ba. Girej kuwa ta samo asali daga sunan ɗanyen siliki, shi ma kafin a kai shi marina, kuma wani mai tsara tufafi ɗan Italiya, Giorgio Armani, ya yi suna da wannan launi a shekarun 1980. Amma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar rigar tsamiya ta sarakuna da attajirai ya riga ya san shi tun kafin Bature ya zuba shi a gwangwani, domin zaren tsamiya ɗanyen siliki ne na daji.

Haka kuma matafiyin da ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa, wajen kilomita 65, zai ga launukan biyu shimfiɗe a ƙasa. In ya dubi arewa, wajen jigawa, sai ya ga rairayi mai ɗan ruwan ɗorawa, irin wanda ya taru ya zama tuddai a ƙasar Yusufari. To, ga ƙasa-ƙasa ke nan. In kuwa ya dubi kudu, wajen fadamun da kogunan Haɗeja da Jama'are suke shayarwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, sai ya ga laka ta bushe ta tsattsage bayan janyewar ruwa. To, ga toka-toka ke nan.

A masana'anta ma tafiyarsu ɗaya. Da fari ake somawa, wanda ake samu daga sinadarin titaniyam, sa'an nan a ɗiga rawaya da ɗan ja, waɗanda asalinsu tsatsar ƙarfe ce, watau dai abin da ya ba rairayin jigawa launinsa. In aka tsaya nan, an sami ƙasa-ƙasa. In aka ƙara ɗigon baƙi ya kashe kaifin rawayan, an sami toka-toka. Bambancin duka bai wuce wannan ɗigo ba.

Kafin zuwan fentin gwangwani, farar ƙasa da jar ƙasa da makuba su ne adon bango. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, sai ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro, yana dawowa da siminti da kwanon rufi da sauran kayan kanti. Daga baya aka soma yin fenti a cikin Nijeriya: kamfanin da yanzu ake kira Berger an kafa shi a 1959, wanda ke yin Dulux kuma a 1965, duka a Legas. Launin da ya zama ruwan dare a gidaje da ofisoshin Ingila, mai suna Magnolia, wani kirim ne mai haske, kuma ya biyo su har nan. Toka-toka kuwa sabon shiga ne. Daga wajen 2010 ya mamaye gidajen Amurka da Turai, hotunansa suka cika wayoyin hannu, har ya kai yanzu amarya takan nuna wa mai fenti hoton wani falo a waya, ta ce, “Malam, irin wannan nake so.”

MA'AUNIN HASKE

Masu yin fenti suna da ma'auni na yawan hasken da launi yake mayarwa cikin ɗaki, daga 0, watau baƙi ƙirin, zuwa 100, watau fari fat. Kamfanin Sherwin-Williams na Amurka yana da launuka biyu da aka fi gwada su da juna a can: Accessible Beige, wanda ke da 58, da Agreeable Gray, wanda ke da 60. Abin lura a nan shi ne mai tokar ya ɗan fi mai ƙasar mayar da haske, alhali yawancin mutane suna zaton toka duhu take kawowa. Abu na biyu kuma, su duka biyun suna haɗiye wajen kashi huɗu cikin goma na hasken da ya faɗa kansu.

Wannan lissafi ya shafi gidajen yankin nan ƙwarai. Falon da ke cikin hoton waya yana da tagogi manya kamar ƙofofi. Ɗakin da aka gina a Nguru ko Gashuwa kuwa sau da yawa taga ɗaya gare shi, ƙarama, an matse ta don gudun zafi da ƙura, an kuma rufe ta da labule mai kauri don sutura. Launin da ya yi kyau a wancan falo zai mai da wannan ɗaki kamar rumbu. Saboda haka ko wanne mutum ya zaɓa, ya nemi wanda ya fi na hoton haske da taki ɗaya ko biyu, ya kuma bar silin fari. Ɗalibin da ke karatu a ɗakin da tsohuwar da ke neman kafar allura su za su ga amfanin wannan.

RANAR NGURU BA TA LANDAN BA CE

Masu ba da shawara a ƙasashen Turai sukan ce ɗakin da tagarsa ke fuskantar arewa ba ya ganin rana, a sa masa launi mai ɗumi, wanda ke fuskantar kudu kuwa rana ba ta rabuwa da shi, a sa masa mai sanyi. Wannan gaskiya ne a Landan, amma a nan sai an yi gyara. Nguru da Gashuwa suna kusa da digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai tsakar ka, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokatai biyu ta arewa take karkata da tsakar rana, sauran watanni kuma ta kudu. Yawancin shekara dai a sama take can, rufi take duka, ba ta cika leƙa taga ba. Abin da ya fi muhimmanci ke nan shi ne gabas da yamma.

Ɗakin da ke fuskantar yamma shi ke shan ranar la'asar, mai zafi, mai ja. In aka shafa masa ƙasa-ƙasa, sai hasken ya ƙara masa rawaya, bango ya koma ruwan ƙwai ko ma ruwan goro, mai shiga ya ji kamar zafin ya ƙaru. Nan toka-toka yake da rana, domin ɗigon baƙin da ke cikinsa yana kwantar da jan hasken, ɗakin ya yi daɗin kallo. Ɗakin gabas kuwa hantsi kaɗai yake gani, daga azahar ya shiga inuwa, a inuwa kuma toka-toka yakan mutu, ya yi kama da filastar da aka manta ba a shafa ba. Ƙasa-ƙasa shi ya dace da shi.

Akwai kuma hasken da ke shigowa ta ƙofa daga tsakar gida. In tsakar gidan rairayi ce, hasken yakan ɗebo launin rairayin ya shigo da shi. In kuwa an yi mata daɓen siminti, hasken fari-fari ne. In akwai dalbejiya a bakin taga, ganyenta yakan jefa kore-kore a bango, toka-toka kuwa ya fi saurin ɗaukar wannan, har mai gida ya yi zaton an cuce shi a kanti.

Ya kamata kuma a gyara wata fahimta. Launin cikin ɗaki ido kaɗai yake sanyayawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta kwanon rufi da bangon waje zafin yake shiga. Mai neman sauƙi na gaske sai ya kula da silin, da tagogin da iska za ta ratsa, da inuwar itace, da launi mai haske a bangon waje.

FITILA ITA CE ALƘALI NA BIYU

Magidanci ya fi zama a ɗakinsa bayan magariba, watau a hasken fitila ya fi ganin bangonsa. A jikin kwalin ƙwan lantarki na zamani akwai wata lamba da mutane ba su cika dubawa ba, mai harafin K a ƙarshe. In an rubuta 2700 ko 3000, hasken mai ɗumi ne, mai kama da na fitilar ƙwai. In an rubuta 6000 ko 6500, hasken fari ne tas, mai sirkin shuɗi. Irin na biyun ya fi yawa a kasuwa, haka kuma yawancin fitilun caji da na sola.

A ƙarƙashin wannan farin haske, sirkin ƙasar da ke cikin toka-toka yakan ɓace, sai tokar zalla ta rage, ɗakin amarya ya koma kamar ɗakin jiran likita. Ƙasa-ƙasa kuwa farin hasken yana rage masa rawaya, ya zauna daidai. In aka juya, aka kunna ƙwai mai ɗumi, toka-toka ya farfaɗo ya yi kyau, ƙasa-ƙasa kuma ya ƙara rawaya. Wanda ya nace sai toka-toka, to, ya haɗa da kuɗin sauya ƙwan fitila cikin lissafinsa. Wannan ƙaramin kuɗi ne in an gwada shi da na sake fenti.

ƘURA, TURARE DA HANNUN YARA

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da hazo. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, inda a zamanin da can tafkin Chadi ya kai, ya janye ya bar busasshen ƙasa mai laushi kamar gari. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya fi shi tayar da ƙura. Launinta fari-fari ne, in ta gauraya da rairayin hanya sai ta zama wani abu tsakanin ƙasa da toka. A nan launukan biyu duka sun ci, domin ƙurar ba ta nuna kanta a jikinsu kamar yadda take yi a farin bango ko shuɗi mai duhu. Guguwar farkon damina kuwa, wadda ke kwaso jan rairayi, ƙasa-ƙasa ya fi ɓoye ta.

Sai turaren wuta, wanda matan Barno da Yobe suka yi fice a kansa, kuma ɗakin amarya ba ya rabuwa da shi. Hayaƙinsa yana da maiƙo, a hankali yakan bar rawaya-rawaya a saman bango da kusurwar da ake ajiye kasko. A jikin ƙasa-ƙasa wannan yakan saje, a jikin toka-toka kuwa yakan fito kamar tabo. Amma dattin hannun yara a bakin ƙofa da wajen makunnin fitila baƙi-baƙi ne, shi kuma toka-toka ya fi rufa masa asiri. Dabarar da makarantu da asibitoci suka daɗe suna yi tana da amfani a gida: a shafa fenti mai mai, wanda ake iya gogewa da tsumma, daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, a bar fenti mai ruwa a sama.

Nan kuma akwai gargaɗi. Fenti mai mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro masu kaifi, shi ne aka fi samun dalma a cikinsa, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro in ya ci ɓawon bango ko ya shaƙi garinsa. Jama'ar Arewa ba su manta da 2010 ba, lokacin da dalmar duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Launukan nan biyu ba su bukatar rinin dalma, tun da tsatsar ƙarfe ta wadatar, amma duk da haka a sayi na kamfanin da aka sani, a bar wanda ba suna ba adireshi a jikinsa.

SAI AN DUBA BANGON TUKUNA

Duk wannan magana banza ce in bangon ba shi da lafiya. Garuruwan biyu suna bakin ruwa, ƙasar yankin kuma sananna ce da kanwa da gishiri. Bango yakan sha danshi daga tushe, danshin ya hau da gishiri, in ya bushe sai a ga farin gari ya fito, fenti ya kumbura ya riƙa zuba. Unguwannin Gashuwa da ambaliyar 2022 ta shiga sun san wannan. Irin wannan bango yakan yi watanni bai bushe ba, kuma in aka rufe shi da fenti mai mai, an kulle danshin ne a ciki. Farin gishirin ya fi fitowa fili a jikin toka-toka, amma ba wanda zai tsira cikinsu. Magani shi ne a kankare, a goge gishirin da busasshen buroshi, a gyara magudanar ruwa, a jira. In ba haƙurin jira, farar ƙasa ta fi, domin tana barin bango ya yi numfashi, kuma asararta kaɗan ce. Sabuwar filastar siminti ma sai ta yi kamar mako huɗu kafin a ɗora mata fenti.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Cikin damina bango da danshi, cikin tsakiyar hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, cikin bazara kuma yana bushewa kafin a daidaita shi, sawun rola ya fito. Mafi dacewa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Mai shirin biki sai ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

LISSAFI DA GWAJI

Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, da tsayin mita 3, in an cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne. Shafi biyu ya zama 80. Lita ɗaya ta fenti mai kyau takan rufe wajen murabba'in mita 10, watau lita 8, galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Mai araha, wanda alli ya yi wa yawa, sai an yi shafi uku ko huɗu, kuma duk wanda ya jingina ya tashi da shi a riga. Araha dai ba ta ado.

In a kasuwa aka haɗa launin da hannu, a juye dukan bokitan wuri ɗaya a gauraya kafin a soma, a rubuta adadin abin da aka zuba, a kuma ajiye ɗan saura a gwangwani mai murfi saboda gyaran gaba, domin ɗigo ɗaya in ya ƙaru ko ya ragu, launi ya sauya. Kafin a sayi mai yawa kuwa, a sayi kaɗan na kowanne, a shafa faɗin mita ɗaya, shafi biyu, a bango biyu dabam, a bari ya bushe sarai, don launin ɗanyen fenti ba shi ne na busasshe ba. A duba da hantsi, a duba da la'asar, a duba bayan isha'i da fitilar da ake kunnawa kullum. A kawo labule da gefen kafet a kara. Kayan jere masu ruwan zinariya da kujeru ruwan makuba da ƙasa-ƙasa suka fi zama lafiya, farin tayil da kayan gilashi da na ƙarfe kuma da toka-toka. Maigida kuma kada ya yanke hukunci shi kaɗai a kanti, uwargida ce ke wuni a ɗakin, a bar mata ta gani da idonta. Gani ya kori ji.

HUKUNCI

In aka tara duka, ga ɗakin kwana mai ƙaramar taga, mai farar fitila, mai kaskon turare, watau mafi yawan ɗakunan Nguru da Gashuwa, ƙasa-ƙasa mai haske shi ne mafi aminci. Toka-toka kuwa wurinsa babban falo mai manyan tagogi, musamman mai kallon yamma, ko ofis, ko shago, ko irin sababbin gidajen da ake ginawa a Gashuwa tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2013, da sharaɗin a ba shi fitila mai ɗumi. Gidan da ke da ɗakuna da yawa ba dole ne ya tsaya kan ɗaya ba, tun da daga tushe ɗaya suke, ba sa faɗa da juna. Wanda bangonsa ke da danshi kuwa, ya ajiye kuɗinsa ya soma da gyaran tushe.

Allah ya ba da ikon gyarawa, ya sa albarka a gidaje da mazaunansu, amin.